Hular Lumshi a Kan Kyamara

Kamfanin motocin safa na birni ya dakatar da direban da ake kira Lumshi, bayan ya cire hularsa ya kifa ta a kan kyamarar da ke gadin idonsa, ya ci gaba da tuƙi da mota cike da fasinja. Abin ya faru ne da safiyar wata Litinin, a kan hanyar da ta tashi daga garejin kamfanin, ta bi ta gaban babban asibiti, ta ƙare a kasuwa. Ba a yi hatsari ba, babu wanda ya ji ciwo. Kwamitin ladabtarwa ya nemi ya ba da haƙuri, ya kuma karɓi wani aiki a cikin gareji. Ya ƙi duka biyun.

Lumshi ya haura hamsin. Ya fi shekara ashirin yana jan motar kamfanin, bai taɓa ko ƙwarzane fentin motar wani ba. Sunan ya bi shi tun yarinta: fatar idonsa a sauke take, ta rufe kusan rabin ƙwayar, kamar mutumin da ya ƙoshi ya jingina da bango. Haka idon mahaifiyarsa yake, haka na 'yarsa ta fari. Duk shekara likitan kamfani yana tsayar da shi gaban allon haruffa, duk shekara yana karantawa har layin ƙasa.

Kyamarar ta zo ne bayan wani direban kamfanin ya yi gyangyaɗi a kan gada, ya rasa ransa tare da wasu fasinjoji. Abokin Lumshi ne, rana ɗaya aka ɗauke su aiki. Da aka tara direbobi aka ce za a saka na'urar da ke gane barci, wasu suka fara gunaguni. Lumshi ne ya miƙe ya ce a saka. "Da tana nan ran nan, da 'ya'yansa ba su zama marayu ba," in ji shi, ya koma ya zauna.

Abar ba ta fi kwalin ashana girma ba. An ɗaure ta a saman sitiyari, tana kallon fuskar direba. Muddin ido a buɗe yake, 'yar fitilarta kore ce. In ya rufe sai ta koma ja, ta yi ƙara, kujera ta girgiza, muryar mace ta fito daga lasifikar motar: "Direba, ka farka." Sannan ta aika rahoto ofis. Direbobi suka raɗa mata suna Suruka, domin a cewarsu tana zaune a gabanka, ba ta tuƙi, ba ta sayen mai, amma ba ta rasa abin faɗa.

Kuskuren ya faru ne ranar rajista. Kafin na'urar ta fara aiki sai ta koyi fuskar kowane direba, ta san yadda idonsa yake idan yana farke. Masu sayar da ita sun turo injiniya, wata matashiya ɗauke da kwamfuta, ta riƙa zaunar da su ɗaya bayan ɗaya a kujerar direba. Layi ya yi tsawo, rana ta yi zafi, ta gaji da bayani. Da Lumshi ya zauna, abin da ta ce masa kawai shi ne: "Baba, kalli nan. Kamar ɗaukar hoto ne."

Lumshi yana da tarihi da hoto. Duk mai hoton da ya taɓa tsayawa a gabansa sai ya ce masa, "Malam, buɗe ido mana." Matarsa ta daɗe tana cewa hotunan da ke bangon ɗakinsu duk na mutumin da aka taso daga barci ne. Saboda haka ya koya wa kansa dabara: da ya ga kyamara sai ya ɗage gira, ya zare ido iyakar ƙarfinsa, ya riƙe numfashi har a gama. Haka ya yi wa Suruka. Kwandastansa, wani mai furfura da ake kira Rediyo saboda bakinsa ba ya hutawa, yana tsaye a ƙofar motar yana kallo.

"Maigida, ko kunama ce a kujerar?"

"Rufe mana baki. Hoton hukuma ne."

Fitila ta yi kore. Injiniya ta ce na gaba ya zo. Daga ranar, a wurin Suruka, Lumshi mai farke shi ne wancan mai zararren ido. Fuskar da yake zuwa aiki da ita kullum kuwa ta mai barci ce.

Ranar farko ba su kai shataletale ba ta fara. "Direba, ka farka." Wata mata a kujerar gaba ta dafe ƙirji ta yi salati. Kafin su kai asibiti muryar ta fito sau ba adadi, motar kuma ta rabu gida-gida.

"Na'ura ba ta ƙarya," in ji wani ma'aikacin banki mai kwat. "Ba ta da ɗan'uwa, ba ta da maƙiyi, ba a ba ta cin hanci. In ta ce yana barci, to barci yake."

"Da barcin ya kauce wa ramin can ke nan?" in ji wani mahauci daga baya. "In haka ake barci, Allah ya ba ni irinsa."

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce a asibitinsu ma akwai injin da ke wuni yana ihu a kan majinyacin da ke zaune yana cin abincinsa, har sun daina waiwayawa in ya yi ƙara. "Ranar da zai yi na gaskiya nake tsoro," ta ce.

"Duk shiri ne," in ji wani tsoho mai sanda. "Yau ta tashi direba, gobe ta karɓe sitiyarin. Jikana ya gama koyon tuƙi, na ce masa ya ɓata lokacinsa."

"Jama'a, a matsa ciki," in ji Rediyo. "Direbanmu lafiyarsa ƙalau. Surukarsa ce ba ta son sa, kuma ba shi ne na farko ba."

Aka yi dariya. Amma a tashar asibiti wasu fasinjoji da ba nan za su ba suka sauka, suka tsaya jiran motar baya. Lumshi ya gan su a madubi. Ya ja mota.

Rahotanni suka taru a ofis. Manajan gareji, wanda Lumshi ya girme shi nesa ba kusa ba, ya kira shi ya rufe ƙofa.

"Baba Lumshi, ni na san idonka. Amma hedkwata ba ta san idonka ba, jan layi take gani. A allonsu kai ne direban da ya fi kowa barci a kamfanin nan."

"To a gaya musu, ranka ya daɗe."

"Na gaya musu. Sun ce duk wanda na'ura ta kama haka yake cewa."

Lumshi ya nemi a sake masa rajista. Manaja ya ce ba shi da iko. Sai hedkwata ta nemi masu na'ura, su kuma su sake turo Injiniya, kuma hedkwata ba ta gaggawa. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da filasta, siririya, irin ta ɗaure ciwo. Ya ce wani ya ba shi shawara: a yanki 'yar ƙarama, a manna a fatar ido, a ɗage ta zuwa gira. Daga nesa ba a gani.

"Na ɗan lokaci ne, Baba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya."

"Rawa ake sauyawa, ranka ya daɗe, ba ƙafa ba." Ya tura filastar ta koma gaban Manaja. "Da fuskar nan kuka ɗauke ni aiki."

A gida matarsa ba ta goyi bayansa ba. Tana ninke wanki a bakin gado ta ce filasta ba ta taɓa kashe kowa ba, girman kai kuma ba ya shiga tukunya.

"Malam, mutane suna rina furfura don aiki, suna matse ciki a cikin kwat don aiki. Kai 'yar filasta a ido ta gagare ka?"

"Ke ce fa kika sa na koyi zare idon."

"Mai hoto na ce ka yi wa. Ban ce ka yi wa hukuma ba."

'Yarsu ta fari, wadda ke aiki a ɗakin gwajin jini, ta zo gaishe su. Ta saurare su duka, da idonta irin nasa.

"Baba, na'urar nan ba ƙin ka ta yi ba. Ba ta san ka ba ne. Wanda ka nuna mata take nema."

"To ta nemo shi ya ja motar."

Duk da haka ya gwada. Bai manna filasta ba, amma ya riƙa tuƙi gira a ɗage. Suruka ta yi shiru, fasinjoji suka daina sauka. Kafin tsakar rana goshinsa yana ciwo, idonsa yana hawaye, hasken titi yana sokar sa. Ya kuma lura da wani abu: ya fara duba 'yar fitilar fiye da madubin gefe. Ranar Asabar, a kwanar kasuwa, gira ta gaji ta sauka, fitila ta koma ja, ya kai ido kanta don ya gyara fuska. Da ya ɗago, wani mai tura baro yana gaban motar. Ya taka birki, fasinjoji suka yi karo da juna, kayan baron suka watse a titi. Tsakanin ƙarfen gaban mota da ƙafar mutumin bai kai taƙi ɗaya ba. Fitila ta koma kore, domin a lokacin idon Lumshi ya fi na ranar rajista girma.

Rediyo ya sauka ya taya mai baro kwashe kaya. Da ya dawo, bai yi barkwanci ba har suka koma gareji.

Ranar Litinin Lumshi ya zo aiki da fuskarsa ta gida. Mota ta cika a tasha ta biyu, Suruka ta fara. Ya kunna sigina, ya gangara gefen titi, ya ja birkin hannu. Ya miƙe ya fuskanci mutane.

"Jama'a, ku dube ni da kyau. Wannan idon haka Allah ya yi shi, ba barci ba ne. Abar nan tana so in kalle ta, ni kuma titi zan kalla. Zan rufe ta. Wanda bai yarda ba ya sauka, motar baya tana tafe, da tikitinsa zai shiga. Ba fushi."

Ma'aikacin bankin nan yana ciki. Ya ce wannan karya doka ne, kuma shi yana da iyali. Ya sauka, ya ɗauki hoton lambar motar da wayarsa. Wasu suka bi shi. Ma'aikaciyar jinya ta duba agogo ta ce, "Baba, ni dai ka kai ni aiki." Lumshi ya cire hularsa, tsohuwa ce mai ruwan toka da gumi ya ci bakinta, ya kifa ta a kan kyamarar. Na'urar ta yi wani sabon kuka, muryar ta ce, "Ba a ganin direba." Ta maimaita, sannan ta yi shiru.

"Alhamdu lillahi," in ji Rediyo. "Suruka ta shiga ɗaki."

Kafin su kai kasuwa rahoto ya isa ofis. Da suka dawo, Manaja yana tsaye a ƙofar gareji. Ya karɓi makulli, ya ce kada kowa ya taɓa komai a motar har kwamiti ya gani. Lumshi ya tafi gida kai ba hula.

Kwamitin ya zauna a ɗakin taro na sama, inda fanka ɗaya ce ke juyawa. Akwai Manaja, da wani jami'i daga hedkwata, da wakilin ƙungiyar direbobi, da Injiniya. Ta buɗe kwamfutarta ta nuna hoton rajista. Wakilin ƙungiya ya yi tari don ya ɓoye dariya. Aka kira Rediyo ya ba da shaida a kan mai baro. Ya yi magana a taƙaice, abin da ba a san shi da shi ba.

Injiniya ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce kamata ya yi ta gaya masa ya zauna yadda yake tuƙi, kuma za ta iya sake masa rajista. Sannan ta ƙara da abin da ba a tambaye ta ba.

"In na koya mata idonsa na gaskiya, tazarar da ke tsakanin farkensa da barcinsa kaɗan ce ƙwarai. Za ta daina damun sa, amma ba zan iya rantsuwa za ta kama shi ranar da ya yi gyangyaɗin gaske ba. Ba a gwada ta a kan ido irin nasa ba. Na rubuta wa waɗanda suka ƙera ta."

"'Yata, na gode da gaskiya," in ji Lumshi.

Jami'in hedkwata ya ce magana ta ƙare ke nan. Bayan hatsarin gada kamfani ya yi wa jama'a alkawari cewa babu motar da za ta fita ba tare da na'ura tana gadin direba ba, kuma da wannan sharaɗin inshora ta yarda. Direban da na'ura ba ta iya gadinsa ba zai fita ba. Ya ce saboda daɗewar Lumshi a aiki ba za a kore shi ba. Zai ba da haƙuri a kan hular, a mayar da shi cikin gareji yana jera motoci a layin wanki, albashinsa yadda yake.

"Ranka ya daɗe, da me aka same ni?"

"Ka rufe na'urar tsaro da fasinja a mota."

"Na rufe. A gabansu na rufe, ban ɓoye ba. Wannan ku hukunta ni, zan ɗauka. Barci fa? An same ni da barci?"

"Ba a ce an same ka ba."

"Likita ya ce ba na gani?"

"Ba batun likita ake ba."

"To ba ni na faɗi jarrabawa ba, ita ta faɗi. Ita za ku kai layin wanki."

Wakilin ƙungiya ya dafa masa gwiwa. "Yaya, a bi a hankali. Albashi bai ragu ba fa."

"Ƙanena, in na shiga wanki, gobe a kowace tasha za a ce an kama Lumshi yana barci da mutane. Waɗanda suka sauka daga motata sun yi gaskiya ke nan. Ba zan taya kowa yi mini ƙarya ba."

Jami'in ya tambaye shi ko zai iya ba da tabbacin ba zai taɓa yin gyangyaɗi ba. Lumshi ya girgiza kai.

"Ba zan iya ba. Wanda ya mutu a gada ya fi ni ƙarfi. Shi ya sa na ce a kawo ta, kuma har gobe ban ce a cire ta ba. A gyara ta ta gane ni. In ba ta iya ba, a faɗa a fili cewa ita ce ba ta iya ba, a samo wadda ta iya. Ni dai ba zan yi tuƙi ina kallon fitila ba, kuma ba zan ba kwalin ashana haƙuri ba."

"Kamfani za ka ba haƙuri, ba na'ura ba."

"To kamfani ya fara ba mai baro haƙuri tukuna."

Aka ɗage zaman. Dakatarwar ta ci gaba, ba albashi. Manaja ya raka shi har ƙasan bene.

"Baba, kwamiti ya gama gani. Bari in sa a ɗauko maka hularka."

"A bar ta. Ni na sa, ni zan cire, ranar da zan zauna a kujerar."

Motar tana ajiye a ƙarshen gareji, kusa da tulin tsofaffin tayoyi, domin Injiniya ta roƙi kada a ba wani direba ita har masu ƙera na'urar su duba abin da ta ɗauka. Daga baya Manaja ya sa a cire hular. Makaniken da aka aika ya ce hannunsa duk baƙin mai ne. Mai wankin da aka aika ya ce shi waje yake wankewa, ba ciki ba. Manaja bai sake aika kowa ba, shi ma bai je ba.

Bakin direbobi bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce taurin kai ne, mutum da iyali ba ya jayayya da hedkwata. Wasu sun ce yau ido ne, gobe za a kawo wadda ba ta son hancin wani. Wani matashin direba ya ce a makon da ya wuce Suruka ta tashe shi daga barcin gaske a kan gada, kuma duk wanda ya zage ta a gabansa za su ɓata. Da aka kai wa Lumshi wannan, ya ce, "Madalla. Aikinta ke nan."

Matarsa ta daina maganar filasta. Ta sayo masa sabuwar hula, tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa. Kowace safiya Lumshi yana zuwa gareji a lokacin da ya saba, da rigar aiki a goge, kai ba hula, ya zauna a bencin mai shayi da ke bakin ƙofa. An haɗa Rediyo da wani direban. In motarsu ta zo fita sai ya leƙo ta taga ya ce, "Direba, ka farka," Lumshi ya ɗaga masa kofi.

Injiniya ta sake rubuta wa masu ƙera na'urar. Amsar da ta samu ita ce saƙonta ya isa, ana dubawa. Hular tana kan kyamara. Kwamitin bai sa ranar sake zama ba.